Daga Rogo Ruma Zuwa Mina: Lafiyar Mahajjaci Tun a Gida Ake Shirya Ta

Sharhin yau a kan lafiyar al'umma ne a wuraren da ake taruwa domin ibada, tun daga Makka har zuwa filin Maulidi na ƙauye.

A shekarar 1996 dubban maniyyata a Najeriya sun biya kuɗin kujera, sun ɗaure kaya, sun yi sallama da dangi, amma a gida suka yi Babbar Sallah. Saudiyya ce ta rufe musu ƙofa saboda annobar sanƙarau da ta mamaye Arewa a bazarar wannan shekara. Alƙaluman da aka tattara daga baya sun nuna sama da mutum 100,000 ne suka kamu, fiye da 11,000 suka rasu, kuma Kano na cikin wuraren da abin ya fi muni. Asibitin Zana na Kano ya cika ya batse, ga kyanda da kwalara sun haɗu da sanƙarau a lokaci guda. Dattawan Karaye da Rogo a Jihar Kano ba sa bukatar a ba su labarin wannan bazara.

Akwai dalilin tuno da ita yanzu. Shekarar Musulunci tana gaza ta Bature da kwana 10 ko 11, don haka Hajji yakan zagaya dukkan yanayin shekara cikin kimanin shekara 33. Arfar 1996 a ƙarshen Afrilu ta faɗo. Ta 2024 ta zo ranar 15 ga Yuni, ta 2025 ranar 5 ga Yuni, kuma zuwa 2029 za ta sake komawa ƙarshen Afrilu. Ma'ana, shekaru da yawa masu zuwa, bita da zaman sansanin alhazai da jigila duk za su riƙa faɗowa cikin Fabrairu da Maris da Afrilu, watannin ƙura da busasshiyar iska da zafi, lokacin da sanƙarau ya fi kaifi. Rogo da Karaye kuwa suna tsakiyar zirin nan na ƙasashen da cutar ta fi addaba, wanda ya miƙe daga Senegal har Habasha.

Hatsarin sanƙarau shi ne mutum yana iya ɗaukar ƙwayar cutar a maƙogwaronsa yana yawo garau, ba zazzaɓi ba ciwon kai, yana rarraba ta ta tari da atishawa. A tanti ɗaya na Mina mutane da yawa ne ke kwana kafaɗa da kafaɗa. Bayan Hajjin 1987, da nau'in A ya ɓarke a cikin mahajjata ya bi su ƙasashensu, Saudiyya ta wajabta allurar rigakafi. A Hajjin 2000 da na 2001 sai ga wani nau'in, W135, wanda allurar da aka saba yi ba ta karewa daga gare shi. Ya bi alhazai har Ingila da Faransa, ya kwantar da mutanen gidajensu waɗanda ko filin jirgi ba su taka ba. A 2002 irin wannan nau'in ya kashe sama da mutum 1,000 a Burkina Faso. Bayan annobar Hajjin 2000 da na 2001 ne aka wajabta wa kowane maniyyaci allura mai kariya daga nau'i huɗu, da sharaɗin a yi ta aƙalla kwana 10 kafin isa, domin jiki yana bukatar wannan lokaci kafin kariyar ta kankama.

To, a nan ne katin rigakafin nan mai ruwan ɗorawa ya shigo. Mutane da yawa sun ɗauke shi takardar wucewa kawai, abin da ake nuna wa jami'i a ba mutum hanya. An daɗe ana kuka da katunan jabu, har a 2019 gwamnatin tarayya ta sauya katin zuwa mai lambar da ake tantancewa a kwamfuta. Wanda ya sami tambari a kati ba tare da allura ta shiga jikinsa ba, bai cuci jami'in Jidda da komai ba. Matarsa da jikokinsa da maƙwabtan da za su cika zaure ranar da ya dawo, su ya jefa cikin hatsari. Abin farin ciki, a 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allura mai kariya daga nau'i biyar na sanƙarau, don haka kayan aikin suna nan, saura a kai su ga jama'a a kan kari.

Cuta ba hanya ɗaya take bi ba. Yadda alhaji kan dawo da ita, haka yakan tafi da ita. A 2003 Jihar Kano ta dakatar da rigakafin shan inna saboda zargin da ya bazu a kansa, ba a dawo da shi ba sai a Yulin 2004. Cikin ɗan wannan lokaci ƙwayar cutar ta tsallaka ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita, ta ratsa Chadi da Sudan, ta haye Bahar Maliya, ta isa Saudiyya da Yaman, har Indunisiya a 2005. Sakamakon haka Saudiyya ta riƙa ɗiga wa alhazan Najeriya maganin shan inna a filin jirgi, tsoho da tsohuwa, ba a bar kowa ba. Adalci ne a faɗi cewa shakkar mutanen Kano ba daga sama ta faɗo ba, domin a cikin annobar 1996 ɗin ce kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara kimanin 200, 11 suka rasu, aka shafe shekaru ana shari'a. Abin da ya dawo da amana shi ne shigar sarakuna da malamai cikin aikin, gida-gida, unguwa-unguwa, har ranar 25 ga Agusta 2020 aka ayyana nahiyar Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali. Duk mai son gyara lafiyar taron ibada a ƙasar Hausa ya riƙe wannan: ta hannun liman da dagaci saƙon ke shiga.

Yanzu a dubi wanda yakan tafi Hajji daga irin su Rogo Ruma da Zarewa da Fulatan. Sau da yawa dattijo ne manomi ko dattijuwa, wanda ya tara shekara da shekaru, ya sayar da masara ko rake ko shanu, ko kuma 'ya'ya suka haɗa masa. A 2025 kujera ta haura naira miliyan 8, kuɗin da talaka ba ya haɗa su da ƙuruciyarsa. Wato lokacin da aljihu ya isa, jiki ya fara ja da baya. Da yawa daga cikinsu ba a taɓa auna musu hawan jini ba, ba a taɓa duba sukarin jininsu ba. Mutum yana jin jiri jefi-jefi, yana tashi fitsari sau da dama cikin dare, ƙafa tana ɗan kumbura da yamma, sai ya ce ai tsufa ne. A gida hakan na iya tafiya shekaru ba a gane ba, saboda yana cin abincin da ya saba, yana kwanciya da wuri, yana zama a inuwa idan rana ta take. A Makka duk wannan tsari rushewa yake yi cikin mako guda: barci ya ragu, abinci ya sauya, ga tafiyar ƙasa. Safa da Marwa kaɗai sun haura kilomita 3, ban da ɗawafi, ban da zuwa jifa da dawowa, wanda ga mai tanti a gefen Mina tafiyar kilomitoci ce kowace rana.

Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON, wadda aka kafa da dokar 2006, da Hukumar Jin Daɗin Alhazai ta Jihar Kano duk suna gwajin lafiyar maniyyata, kuma suna tafiya da tawagar likitoci da ma'aikatan jinya. Wannan aiki ne mai kyau. Matsalar ita ce lokacin da gwajin ke zuwa da kuma yadda maniyyaci ke kallonsa. Idan sai ana saura 'yan makonni tashi aka gano jinin mutum ya hau, me za a iya yi? Hawan jini ba ya daidaita da ƙwaya ɗaya, ciwon sukari yana bukatar watanni ana gwada magani ana gyarawa. Likita ya shiga tsaka mai wuya: ko ya hana dattijon da ya sayar da gonarsa tafiya, ko ya sa hannu yana addu'a. Shi kuma maniyyacin, da yake ya san gwajin na iya raba shi da kujerarsa, sai ya ɓoye. Ana tambayarsa yana shan wani magani, ya ce lafiyarsa ƙalau. Haka mata masu juna biyu ke ɓoye ciki, kusan kowace shekara sai an ji labarin waɗanda suka haihu ko suka yi ɓari a ƙasa mai tsarki duk da an yi gwaji.

Gyaran wannan ba ya bukatar sabon gini ko na'ura mai tsada. Ranar da mutum ya kai kuɗin ajiya wurin jami'in alhazai na ƙaramar hukuma, ranar ya kamata a ba shi takardar zuwa asibitin Rogo ko na Karaye a auna jininsa da sukarinsa, a duba ƙirjinsa, a buɗe masa kati. Manomi ba ya jiran saukar ruwan fari kafin ya yi sharar gona. Da wata biyar ko shida a hannu, mafi yawan masu hawan jini da sukari za su daidaita su tafi cikin ƙoshin lafiya, kuma gwajin ya tashi daga abin tsoro ya koma taimako. Tsarin adashen gata na Hajji da aka ƙaddamar a Kano a Oktoban 2020 tare da bankin Jaiz ya ƙara sauƙaƙa wannan, tunda mai ajiya sananne ne shekaru kafin tafiyarsa. Kuma bitar da ake yi mako-mako, inda malami ke koyar da ɗaura harami da rukunan Hajji, babu abin da zai hana a ware rabin sa'a a cikinta ga ma'aikacin lafiya da na'urar awon jini a hannu. A nan ne za a gaya wa mai magani ya tafi da wanda zai ishe shi har dawowa, cikin kwalinsa na asali, da takardar likita, a jakar hannu ba a uwar jaka ba. A nan za a gaya wa mai allurar insulin cewa zafi yana lalata ta. A nan za a ce wa kowa ya fara tattaki kullum da takalmin da zai tafi da shi.

Akwai kuma waɗanda gaskiya ita ce jikinsu ba zai ɗauka ba. A shekarun nan Saudiyya ta fito fili ta ce kada a kawo mata mai wankin ƙoda, da mai ciwon zuciya mai tsanani, da mai tarin fuka da ke yaɗuwa, da mai gigin tsufa, da mai cikin da ya tsufa. Faɗar wannan ga dattijon da ya yi shekara 30 yana burin ganin Ka'aba abu ne mai nauyi ƙwarai, kuma bai kamata a bar wa likita shi kaɗai ba. Malaman Malikiyya da ake karanta littattafansu a zaurukan ƙasar nan sun bayyana cewa Hajji yana wajaba ne a kan wanda zai iya isa ba tare da matsananciyar wahala ba, yana mai amintuwa a kan ransa. Idan liman ya zauna kusa da likita ya ce, Baba, Allah bai ɗora maka abin da ba za ka iya ba, kuma niyyarka tana wurinsa, maganar takan sami wurin zama a zuciya. Sai hukuma ta cika nata, ta mayar da kuɗin mutum cikin hanzari ko ta ajiye masa kujerarsa zuwa baɗi, domin tsoron asarar kuɗi shi ne babban abin da ke sa a ɓoye ciwo.

Sai zafi. A Hajjin 2024 ma'aunin zafi a Masallacin Harami ya kai digiri 51.8. Ministan lafiya na Saudiyya ya sanar da rasuwar mutum 1,301, ya ce kashi 83 cikin 100 nasu ba su da izinin Hajji. Waɗannan su ne suka shiga da bizar ziyara, ba su da tanti mai sanyi, ba su da motar ɗauka, suka yi ta tafiya a ƙasa cikin rana suna kauce wa jami'ai. Masar ta ƙwace lasisin kamfanonin tafiye-tafiye 16 a kan wannan. Duk wanda wani dillali ya zo masa da maganar Hajji mai rahusa ta bayan fage, ya tuna da wannan adadi.

Mutumin Rogo zai ce ai ya saba da rana, a cikinta yake noma. Gaskiya ne, amma a gona yana da bishiya, yana da lokacin tashi, kuma ba ya cikin mutum kusan miliyan biyu a kan kwalta mai mayar da zafi. Jiki da gumi yake sanyaya kansa. Idan ruwan jiki ya ƙare, zafin ciki ya haura digiri 40, sai ƙwaƙwalwa ta fara rikicewa. Mutum ya fara magana ba kan gado, ya kasa gane abokan tafiyarsa, ya yi tangaɗi, ya faɗi. Wanda ya ga haka kada ya tsaya tofi kawai: a kai shi inuwa, a sassauta masa tufafi, a kwarara masa ruwa a jiki ana fifita, a kira ma'aikatan lafiya nan take, kuma kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa a baki. Wani abu da duk wanda ya je ya sani, amma ba a cika faɗa a bita ba, shi ne tsofaffi da yawa, musamman mata, da gangan suke ƙin shan ruwa a Mina da Arfa saboda tsoron layin banɗaki. Hajiya za ta wuni da ƙishirwa don kada fitsari ya matse ta a cikin mutane. Gara a bi layi sau biyar da a kwanta a asibiti da ƙoda ta tsaya. Alamar kuwa mai sauƙi ce, idan fitsari ya yi kaɗan ya yi ja, jiki yana neman ruwa. Game da riƙe lema ga namiji mai harami, malamai da dama sun halatta, wanda yake da shakka ya warware ta da malamin bita tun yana gida, kada ya bari sai yana tsakiyar rana. A 2025 hukumomin Saudiyya sun umarci mahajjata su zauna cikin tantunansu a Arfa daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma, kuma ko'ina a cikin iyakar Arfa wurin tsayuwa ne, ba sai an hau dutse ba.

Ƙafa ma abin lura ce. Silifa yakan ɓace a ƙofar masallaci, alhaji ya ce bari ya lallaɓa zuwa masauki haka nan. Mai ciwon sukari da jijiyoyin ƙafarsa suka mutu ba zai ji zafin kwalta ba sai tafin ya sale, kuma irin wannan gyambo yana iya kaiwa ga yanke ƙafa. 'Yar jakar rataye da silifa na biyu a ciki ta isa ta hana wannan.

Ranar 24 ga Satumba 2015 tana nan a zukatan mutanen Arewa. A mahaɗar titi na 204 da na 223 a Mina, ayari biyu suka yi karo a hanyar jifa. Saudiyya ta ce mutum 769 suka rasu, amma lissafin da kamfanonin dillancin labarai suka haɗa daga sanarwar ƙasashe ya haura 2,400. Najeriya ta rasa sama da 270, cikinsu har da Hajiya Bilkisu Yusuf, gogaggiyar 'yar jarida ta Kano, da Farfesa Tijjani El-Miskin, da Mai Shari'a Abubakar Abdulƙadir Jega. Kafin wannan an yi na ramin Mu'aisim a 1990 inda mutum 1,426 suka rasu, da na Jamrat a 2006 inda aka rasa sama da 340, wanda bayansa aka rushe tsohuwar gadar jifa aka gina mai hawa-hawa, shiga daban fita daban. Masana turmutsitsi sun nuna cewa yawancin masu mutuwa ba tattake su ake yi ba. Idan mutum shida ko bakwai suka matsu a filin da bai wuce mita ɗaya tsawo da faɗi ba, ƙirji ba ya samun wurin buɗewa, mutum yana tsaye numfashinsa zai ɗauke. Tsara hanya aikin hukuma ne. Na alhaji shi ne ya bi lokacin jifan da aka ware wa tantinsa, kada ya sunkuya ɗaukar abin da ya faɗi a cikin matsi, kada ya juya ya fuskanci ayari. Tsoho da mara lafiya kuwa shari'a ta ba su damar wakilta wani ya yi musu jifa, kuma karɓar wannan sauƙi ba ragin lada ba ne.

Aski bayan jifa a yi shi wurin masu lasisi da sabuwar reza, domin aska ɗaya a kan kawuna goma hanya ce ta ciwon hanta. Tarin nan da kusan kowa ke dawowa da shi yakan wuce da kansa, amma idan ya zo da zazzaɓi da sarƙewar numfashi, ko ciwon kai mai tsanani da sandarewar wuya, a tafi asibiti a kuma gaya wa likita daga Makka aka dawo. Masu zuwa sannu da zuwa za su iya jira kwana biyu.

Duk abin da aka faɗa zuwa yanzu yana da hukumomi biyu a kansa, ta nan da ta can. Tarukan gida su ne marayu. Maukibin Ƙadiriyya da ke tashi daga Kabara, da Takutaha a Dutsen Dala, da Maulidin Shehu Ibrahim Inyass da ke tara jama'a daga jihohi da ƙasashe, da wa'azin ƙasa na Izala, da hawan Sallah a Karaye, da saukar karatu da Maulidin Islamiyya a kowace mazaɓa, mutanen Rogo suna zuwa dukkansu, kuma yawan masu zuwa ya ninka na masu zuwa Makka nesa ba kusa ba. Babu mai tambayar kati, babu mai ƙirga banɗaki.

A 'yan shekarun nan watan Maulidi a tsakiyar damina yake faɗowa, cikin Satumba da Agusta, kuma zai ci gaba da nutsawa cikinta. Damina kuwa lokacin kwalara ce. A 2021 an sami sama da mutum 100,000 da ake zargin sun kamu a Najeriya, fiye da 3,500 suka rasu, Kano na sahun gaba tare da Bauchi da Jigawa. A duba yadda taro yake a gari: baƙi sun sauka a makarantar firamare mai masai biyu, an dafa shinkafa tun dare za a ci da azahar, an zuba zoɓo da kunun aya cikin ƙanƙarar da ba a san ruwan da aka yi ta da shi ba, mutum ashirin sun wanke hannu a kwano ɗaya, ruwan sama ya wanko bayan gari ya gangara rijiya. Baƙo ɗaya mai gudawa ya isa. Senegal ta ga haka a 2005, lokacin da kwalara ta yi tashin gwauron zabo bayan babban taron Muridiyya na Tuba, ta bi masu ziyara zuwa sassan ƙasar. Hukumomin lafiya na can suna shiga shirin taron tun da wuri, da tankokin ruwa mai magani da sansanonin jinya.

Hanyar zuwa ma tana ci. Ranar 30 ga Nuwamba 2021 kwale-kwale ya kife a madatsar Watari ta Bagwai da ɗaliban Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Maulidi, aka rasa aƙalla rai 29, yawancinsu yara. Lodi ne ya yi yawa. Ƙasar Karaye ma tana da babban ruwa a madatsar Challawa, kuma kowa ya san yadda ake cusa yara a bayan a-kori-kura ranar taro. A Disambar 2024 kuma, cikin 'yan kwanaki, turmutsitsin rabon abinci da kyauta ya kashe yara 35 a Ibadan, mutum 22 a Okija, da 10 a wani coci a Abuja. Niyyar masu rabon alheri ce, abin da aka rasa shi ne ƙofa mai faɗi da tsari. Mai rabon zakka a watan azumi ya ɗauki darasi: kati a hannun masu unguwa, a raba a wurare da yawa, ya fi tara mata dubu a bakin ƙofa ɗaya.

Abin da ƙasar Hausa take da shi wanda wasu ba su da shi shi ne 'yan agaji. Na Jama'atu Nasril Islam, na Izala, na Fityanul Islam, ga Hisba, samari ne masu ɗa'a da ke tsayuwa a rana ba albashi. Yawancin aikinsu ya tsaya a tsare sahu da nuna wa mota hanya. Horon kwana biyu daga ma'aikatan asibiti zai koya musu gane bugun zafi, da kwantar da wanda ya suma a gefensa, da haɗa ruwan gishiri da sukari: ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Zai koya musu tsayawa a wuri mai tudu su hango inda jama'a suka fara cunkushewa, su tsayar da masu shigowa tun kafin a matsu.

Masarautar Karaye, a dokar 2024, ƙananan hukumomi biyu ne a ƙarƙashinta, Karaye da Rogo. Ƙanƙantarta dama ce, domin wuri ne da hakimi ya san dagatansa, dagaci ya san duk wanda zai kafa rumfa a ƙasarsa. Dama can mai shirya taro yakan sanar da dagaci da 'yan sanda. Abin da ya rage shi ne a ƙara mutum na uku, shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukuma, a zauna mako biyu kafin ranar a amsa tambayoyi na zahiri: ina baƙi za su sha ruwa, wa zai zuba masa sinadarin kulorin, masai nawa za a haƙa kuma nesa da wace rijiya, ta ina motar asibiti za ta shiga idan fili ya cika. Kwamitin da ya iya tara kuɗin lasifika da janareto da shanun yanka zai iya ware na sabulu da bokitai masu famfo. Sannan a aika wa asibitin Rogo ko na Karaye da ranar taron a rubuce, domin a wannan rana a sami ma'aikaci a bakin aiki, direba a kusa, mota da mai a ciki, da ledojin ƙarin ruwa a ɗakin magani.